Hannun Direba

Shafi na 17
Jos, 1978

Masu cewa na cika zagi a shafin baya, ku bari wuta ta ci hannun ɗanku tukuna, sannan ku zo ku koya min ladabi.

Wanda bai ji farkon ba, ga shi a dunƙule, ba zan sake ba. Sunana Hasiya, masa nake toyawa a bakin tasha a Dilimi. Ɗana na fari direban lori ne a garejin ƙanena Alhaji Shu'aibu, kuma 'yar Shu'aibun ce matarsa, Talatu. Ana tsakiyar wahalar fetur gobara ta tashi a garejin. Bakanikensu Chuwang ya mutu a ciki. Ɗana ya shiga jawo shi, wuta ta cinye masa hannun dama. A asibiti suka yanko fata daga cinyarsa suka liƙa a wurin. Da za a sallame mu abu ɗaya aka ce: kullum a murza tabon da man kaɗanya, a miƙe yatsun, ko da zai yi ihu.

Kullum ana yi, kullum yana ihu, da kunnena nake ji. Amma da muka koma likita ya kwance, sai ga hannu a ƙudundune kamar ƙafar kazar da aka babbaka. Ya ce in ya ci gaba a haka, yatsu biyu sai an cire. Na yi musu tas, masu gadi suka fito da ni.

Daga nan za mu ɗora.

Washegari ban hura wuta ba. Ƙullun masar ma na bar shi ya yi tsami, ya yi ta yi. Na shiga tasi zuwa Kabong, na yi ta tambaya gida gida har aka nuna min inda Sista Nkiruka take haya. Ita ce nas ɗin da ta koya wa Talatu tausar kafin a sallame mu.

Na same ta a tsakar gida tana wanke farar rigar aikinta. Ban yi sallama ba.

Ta ɗago ta ce, "Mama Haladu? Lafiya?"

Haladu sunan yaron ne. Ni ba na kama shi, ɗan fari ne. Direba nake ce masa.

Na ce, "Kar ki ce min Mama. Ban haifi mai lalata hannun mutane ba."

Ta yarfe kumfa daga hannunta. "To zauna, ki zage ni a zaune. Jiya a tsaye kika yi, kin gaji."

"Ba zama ya kawo ni ba."

"A Jos aka haife ni, Mama. Duk zagin jiya na ji shi, har wanda kika yi ƙasa-ƙasa a kan kakata."

"Madalla, kin rage min aiki. Yanzu ki gaya min, wa ya ɓata hannun? Mai wuƙar ne ko ke mai koyarwa? Yaro ya shiga hannunku da yatsu biyar, kuna so ku maido min shi da uku. Sai na ji sunan mai laifi, ko da kotun soja za mu je."

Ta jawo kujera 'yar tsugunne ta zauna, ta bar ni a tsaye.

"Ana masa tausar?"

"Kullum da hantsi."

"Kin gani?"

"Har maƙwabta sun haddace ihunsa."

"Ban ce kin ji ba. Na ce kin gani?"

Na ce, "Ke yarinya, ba ki da kunya? In shiga ɗakin ɗan fari yana zaune ba riga, matarsa na riƙe da shi? A tsakar gida nake zama, ina jin komai."

"To ke kin taɓa hannun?"

"Tun da aka yaye shi aka kai shi wurin kakarsa a Bukuru, fatata ba ta taɓa tasa ba. Haka aka yi mana, haka muka yi. Ke meye naki a ciki?"

Ta tsoma rigar cikin bokitin wanki. Can ta ce, "Ina wurin jiya da likita ya kwance. Fatar da ake murzawa kullum, in ka tura ta da yatsa tana zamewa a kan nama. Tasa ta manne kamar an zuba mata gam. Mama, wannan hannun ba a murza shi."

"Ni kike ce wa maƙaryaciya?"

"Ban ce ke ba."

"To wa?"

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da ɗankwali da suwaita saboda sanyi. Rigar ma ba ta shanya ba.

Ta ce, "Kin ce da hantsi ake yi. Mu je. In na yi ƙarya, ki ja ni da kunne har ofishin babban likita, ba zan ce uffan ba."

Na ce, "Kunnen zai tsinke, ina gaya miki tun yanzu."

Muka shiga tasi. Ni dai ina ta tsara abin da zan gaya mata a gaban mutanen unguwa.

Tun daga bakin lungunmu muka jiyo shi.

"Wayyo Allah! Talatu a hankali! Wayyo hannuna!"

Na juya na dube ta. "Kin ji ko? Ko kunnen naki ma na asibiti ne?"

A zaure ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, ta yi min alama in yi shiru. Muka tsallaka tsakar gida. Tabarmata na nan inda nake zama kullum, jikin bangon ɗakinsu.

Ta raɗa min, "Ɗaga labulen."

Na ce, "Allah ya kiyaye."

Sai ta ɗaga da kanta.

Jama'a.

Direba na zaune a bakin gado, hannun na kan cinyarsa a naɗe cikin tsumma, ba wanda ke taɓa shi. Idonsa na kan rufin ɗaki, bakinsa a buɗe, yana ta kwarara ihu kamar mai kiran fasinja. Talatu kuwa tana can ƙarshen ɗaki ta ba shi baya, ta buɗe gwangwanin man kaɗanyar da na saya da gumina tana shafawa a nata hannun har gwiwa. Don in ta fito in ji ƙamshi. Kullum ina jin ƙamshin nan, kullum ina sa mata albarka.

"Wayyo Tala..."

Ya gan mu. Ihun ya tsaya a maƙogwaronsa.

Gwangwanin ya suɓuce daga hannun Talatu, ya gangaro har gaban ƙafata.

Ban san lokacin da na tsallaka dokin ƙofar ba. Ɗakin da ban taɓa shiga ba tun ranar da aka kawo amarya.

Na ce, "Ci gaba mana. Ai ba ka gama ba. Saura wurin da kake cewa ki bari haka nan, zan mutu."

Ya sunkuyar da kai.

"Talatu."

"Na'am, Gwaggo."

"Hannun naki ya yi laushi? Ya warke?"

Ta durƙusa ta fashe da kuka.

Na ce, "Rufe min baki! An yi min kukan ƙarya ya ishe ni. Ina zaune a waje cikin sanyin nan ina jan carbi, duk ihu ɗaya sai na ji kamar ana zare min hanji, ashe wasan kwaikwayo ake min. Na je na zagi likita. Na zagi kakar wannan baiwar Allah da ban taɓa gani ba."

Sista ta ce, "Kakata ta yafe, Mama. Matsa in ga hannun."

Ta durƙusa a gabansa. Ya ɓoye hannun a bayansa kamar yaron da ya saci nama.

"Haladu, ba ni."

"Sista, don Allah ki bar shi."

"Ina katakon da muka ba ka? Wanda ake ɗaure hannun a kai a miƙe?"

Ta leƙa ƙarƙashin gado ta jawo shi, duk ƙura da yanar gizo.

Na ce, "Miƙa mata hannun ko in kira samarin tasha su danne ka."

Ya miƙa.

Ba bandejin asibiti ba ne. Tsohon zanin Talatu aka yaga aka naɗa, aka tamke tam. Sista na warwarewa wari na tashi. Da ta kai ƙarshe sai na ga abin da suka yi. An lanƙwashe yatsun cikin tafin hannu aka ɗaure su a haka, da gangan. Tabon ya taso ja wur, ya yi kauri kamar igiya, ya ja daga wuyan hannu har gindin ƙaramin yatsa. Farcensa sun huda tafin.

Sista ta ce, "Yesu." Ta dubi Talatu. "Haka na koya miki?"

"A'a."

"To wa ya koya miki?"

Talatu ta dubi mijinta. Shi ya dubi ƙasa.

Na cire takalmina na riƙe. "Zan tambaya sau ɗaya."

Ta ce, "Baba ne."

"Wane Baban?"

"Babana, Gwaggo."

Na zauna a kan akwatin kayanta.

Shu'aibu. Uwa ɗaya uba ɗaya. Yaron da na goya a filin kuza a Bukuru uwarmu na cikin ruwa tana wankin kuza, bayana ya yi kanta saboda shi.

Na ce wa Direba, "Yi magana."

Muryarsa can ƙasa. "Ina kwance a asibiti Kawu ya zo. Ya ce 'yan sanda sun tambaye shi abin da ya ta da wutar, ya ce musu guntun taba ne, ni na yar."

"Taba? Kai da ko goro ba ka ci?"

"Haka dai ya faɗa musu. Ya ce ya riga ya faɗa, in ya canza magana dukanmu za a kwashe."

"To me ya ta da wutar?"

Ya kau da kai.

"Na ce me ya ta da ita?"

"Fetur ne, Inna. Durom-durom Kawu ya ɓoye a siton bayan gareji, yana jira ya ƙara tsada. Bai gaya wa kowa ba. Chuwang ya jawo wayar walda jikin bangon siton yana ɗinke ƙofar lori. Bai san abin da ke bayan bangon ba."

Sista ta dafe kai.

Ya ci gaba. "Dangin Chuwang sun ce sai an hukunta wani. Kawu ya ce ya yi magana da kofur ɗin da ke riƙe da maganar. Muddin ina jinya ba za a kai ni kotu ba. Ya ce kar in bari hannun ya buɗe. In likita ya tabbatar na nakasa, alƙali zai tausaya, maganar ta mutu. Amma ranar da aka ga na warke, ranar za a zo a tafi da ni."

"Sai ka yarda."

"Inna, kisan kai suka ce. Rataya ake yi."

"Sai ka ba shi hannunka."

"Ya ce zai riƙe ni har ƙarshen raina. Zai buɗe min shago."

Na ce, "Shago! Ka zauna a shago da dungu kana korar ƙuda, shi yana yawo a fijo da hannu biyu yana ɗaga wa mutane. Kai da ka shiga wuta don ka fito da mutum, kai ne mai laifi? Shi da ya tara wutar a sito shi ne Alhaji?"

Na juya zan yi kan Talatu, sai na ga wurin wayam. Labule na motsi. Ta sulale.

Direba ya ce, "Ta tafi gaya masa. Ya sa ta rantse da Alƙur'ani, duk ranar da wani ya kwance hannun a gida ta zo ta faɗa."

"Ta je. Ya rage min tafiya."

Na dubi Sista. "Ke, gaya min gaskiya, kar ki yi min maganar asibiti. Hannun ya mutu?"

Ta sa babban yatsanta a kan tabon ta danna. Wurin ya yi fari, da ta ɗaga jan ya dawo.

"Kin gani? Har yanzu da jini a ciki, bai gama ƙanƙamewa ba. In an dage yana iya saki, ko ba duka ba. In ya bushe ya yi fari da kansa, sai wuƙa. Ƙaramin yatsan nan ban yi miki alkawari ba."

"To fara."

"Zan fara yau. Gobe fa? Jibi fa? Ina da aiki, Mama, kuma abin nan safe da yamma ne, wata da watanni. Sai wanda ke cikin gida. Kuma sai mai taurin zuciya, wanda zai ji kuka bai saki ba."

Ta tsaya tana kallona.

Na gane abin da take nufi. Na fita na ɗebi ruwa a randa, na wanke hannuna da sabulu har sau nawa ban sani ba. Na dawo na ɗauki gwangwanin daga ƙasa. Na zauna a bakin gadon, kusa da shi.

Ya zabura ya matsa jikin bango. "Inna, a'a. Inna, ba kyau. Mutane za su ji."

"Su ji. Ba su ne za su ba ka tuwo a baki ba."

Na kamo hannun.

Hannun ƙaton namiji ne, mai gashi a dantse, ban san shi ba. Wanda na sani ɗan mitsitsi ne da ke kama min ɗankunne.

Sista ta ce, "Ɗebi man kaɗan, ki narka shi a tafinki tukuna. Yauwa. Sa babban yatsa a nan, inda igiyar ta fi kauri. Kar ki goga a sama, ba kwalliya ake ba. Danna har wurin ya yi fari, sannan ki juya, fatar ta bi yatsanki."

Na danna.

"Ƙara."

Na ƙara.

"Mama, hannun da ya wanke kuza ne wannan? Ƙara!"

Na danna da ƙarfin da nake murza gero. Na ji abin a ƙarƙashin yatsana, tauri kamar jijiyar sa, yana ƙin motsi. Na juya. Na sake juyawa.

Sai Direba ya yi wani sauti.

Ba wayyo a ciki, ba sunan kowa. Wani gurnani ne daga ƙirji, kamar ragon da aka danne za a yanka. Gumi ya karyo masa cikin sanyin nan, ya cusa gefen bargo a baki ya cije. A nan na san duk watannin nan ban taɓa jin kukansa na gaskiya ba sai yau.

Hannuna ya so ya saki.

Sista ta ce, "Kar ki saki. In kin saki yanzu gobe ba zai ba ki ba."

Ban saki ba. Hawaye na zuba a kan zanina, na bar su, ba hannun sharewa.

"Yanzu bi igiyar a tsaye, daga wuyan hannu zuwa yatsa. Yanzu a kwance, ki tsallaka ta. Kama fatar da yatsu biyu ki ɗaga ta kaɗan. Ba ta ɗaguwa ko? Za ta ɗagu. To riƙe yatsan tsakiya, ki ja shi a hankali, kar ki fizga. In ya tsaya ki tsaya, ki riƙe shi a nan."

Na riƙe. Yana huci, ina huci.

A hankali, kamar ƙofar da ta yi tsatsa, yatsan ya ɗaga daga tafin. Ba da yawa ba. Tsinken tsintsiya zai wuce, shi ke nan.

Sista ta ce, "Kin gani?"

Na gani. Shi ma ya gani. Ya saki bargon yana kallon yatsan kamar na wani.

Sai muka ji ƙugin mota a bakin lungu, aka buga ƙofarta da ƙarfi.

Ba sallama. Shu'aibu ya banko labule, babbar riga na jan ƙasa, ƙamshin turare ya cika ɗakin. Talatu na bayansa, ido ya kumbura.

Ya tsaya yana kallon hannun a kan cinyata.

"Yaya, me kike yi haka? Ɗan farinki ne fa. Ina kunyar?"

Na ce, "Tana sito, bayan gareji. Ta ƙone."

Fuskarsa ta canza. Ya dubi Direba. "Kai, me ka gaya mata?"

"Ni za ka tambaya, Shu'aibu. Dube ni. Ni na wanke maka kashi."

Ya sassauta murya, ya tsuguna. "Yaya, ba ki gane ba. Rufin asiri nake mana gaba ɗaya. In aka kama ni, wa zai riƙe gidan nan? Wa zai riƙe nawa? Masarki ce za ta ciyar da mutum ashirin? Yaron nan ba zai rasa komai ba, na rantse. Yatsu ne kawai."

"Kawo naka."

"Me?"

"Yatsu ne kawai. Sista na nan, akwai wuƙa a madafi. Kawo biyu."

Ya miƙe. "Ke kuma wa ya kira ki cikin maganar dangi?" Sista yake nufi.

Ta ce, "Hannun ya kira ni, Alhaji. Mu muka ɗinka shi."

"Zan je wurin manyanki."

"Ka je. Ni ma ina da abin gaya musu."

Ya juyo kaina, wannan karon ba lallashi.

"To ki ji. Kofur na cikin motata, tare muka zo. Abu biyu ne. Ko a mayar da tsumman nan yanzu, in fita in ce masa yaro na nan cikin ciwo, ya koma. Ko in ce masa ga shi nan har an fara miƙe yatsu, ya warke. Yau zai kwana a caji ofis. A can ba mai tausa, Yaya. Ki rasa hannun, ki rasa yaron."



Direba ya zare hannunsa daga nawa. Man ya sa ya suɓuce min. Ya sunkuya ya ɗauki tsumman da hagu, ya kama bakinsa da haƙori, ya fara naɗawa. Yatsan da na ɗaga da ƙyar, da kansa ya mayar da shi ciki.

"Inna, ki yi haƙuri. Ba zan iya kurkuku ba."

Shu'aibu ya ce, "Yauwa. Yaro ya fi ki hankali."

Na fizge tsumman daga bakinsa. Na cusa shi ƙarƙashina na zauna a kai daram.

Na ce, "Mai so ya zo ya ɗaga ni."

"Yaya!"

"Kira shi. Kira kofur ɗin naka. Ni ma ina neman ɗan sanda tun jiya."

Na sake kamo hannun, wannan karon a wuyan hannu na riƙe, inda ba mai. Yana ja, ina ja.

"Inna, kin kashe ni. Wallahi kin kashe ni."

Ban dube shi ba. In na dube shi zan saki.

Shu'aibu ya leƙa waje ya ɗaga murya. "Kofur! Bismillah, shigo!"

Muka ji takun takalmi a zaure, sannan a tsakar gida, ya taka tabarmata ya wuce. Dogo ne, baƙi, sai da ya sunkuya kafin ya shigo. Ankwa na lilo a ɗamararsa.

Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Wane ne Haladu direba?"

Na buɗe baki, amma wata murya ta riga ni.

"Ranka ya daɗe."

Talatu ce. Ta fito daga bayan ubanta, ta zo ta tsaya tsakanin kofur da gadon. Hannunta na ta ƙyalli da man kaɗanya.

Shu'aibu ya ce, "Ke, koma waje."

Ba ta koma ba.

"Na rantse zan gaya wa Baba in an kwance hannun, na gaya masa, na fita. Ban rantse a kan sauran ba." Ta dubi kofur. "Mijina ba ya shan taba. Fetur ne a siton. Kuma ba duka ya ƙone ba, an kwashe wasu durom-durom kafin gobarar. Suna gidanmu, bayan ɗakin Innata, an rufe su da buhunan dusa. Ni nake share wurin in na je."

Shu'aibu ya ɗaga hannu zai kai mata mari, Sista ta shiga tsakani.

Ni kofur nake kallo. Ina jira ya ciro ankwar nan ya juya kan Shu'aibu.

Bai ko dubi Shu'aibu ba. Bai yi mamaki ba, ko kaɗan.

Ya juya a hankali, ya saki labule, ya jawo ƙofar ɗakin ya rufe. Ya zura sakata.

Sannan ya dubi Talatu ya ce, "Ban da mu da ke cikin ɗakin nan, wa kika gaya wa?"